Darasin lambobin gyaran kuskure a digiri na biyu: abin da na tarar a wata jami'a a Legas

Shekara 9 ke nan ina aikin injiniyan sadarwa a Legas, kuma a duk tsawon wannan lokaci ina ganin sunaye irin su Reed-Solomon da LDPC, wato tsare-tsaren gyara kuskure a cikin saƙo, a fuskar na'urorin da muke kula da su ba tare da na san abin da ke gudana a cikinsu ba, tamkar direban da ya daɗe a kan titi amma bai taɓa ɗaga bonet ba. Wannan ne ya sa da na shiga karatun digiri na biyu na ƙarshen mako a wata jami'a a nan Legas, na zaɓi darasin lambobin gyaran kuskure, ko da yake ba ya cikin darussan dole, kuma waɗanda suka riga mu sun ja mana kunne cewa yana da tsauri. Tun da na kammala shi, 'yan'uwa da dama daga Agege da Idi-Araba masu niyyar komawa karatu suke tambayata ko ya cancanci kuɗin da wahalar, shi ya sa na ga ya fi kyau in ba da amsar a rubuce. Ba zan ambaci sunan jami'ar ko na malamin ba, domin a cikin bayanina akwai yabo kuma akwai ƙorafi.

Mu 11 ne muka yi rajista, ana haɗuwa kowace Asabar daga ƙarfe 9 zuwa 12, har tsawon mako 13. Mu 2 ne kawai Hausawa a ajin, ni da wata ƙanwa 'yar Katsina da ke koyar da lissafi a wata sakandare a Surulere. Malamin dattijo ne da ya kusa yin ritaya, ba ya son majigi, alli da allo kawai ya yarda da su, kuma a ranar farko bai rubuta lissafi ko ɗaya ba sai da ya tabbatar mun fahimci matsalar da fannin ya zo warwarewa. Duk saƙon dijital da aka tura ta waya ko ta iska ko aka adana a faifai jerin 0 da 1 ne, kowanne ana ce masa bit, kuma hayaniyar hanya tana iya juya 0 ya koma 1. Idan mai karɓa yana iya cewa a maimaita, da sauƙi. Amma kumbon da ke can kusa da Jufita, ko faifan da aka buga shekara 20 da suka wuce, ba wanda za ka ce masa ya maimaita. Saboda haka dole ne a ƙara wa saƙon wasu bit tun daga tushe, waɗanda za su ba mai karɓa damar gano inda aka yi kuskure ya gyara da kansa.

Abin da ya fara buɗe mini kai shi ne batun tazara tsakanin kalmomi, kuma a hanyar komawa gida ne na gane cewa Bahaushe ya san wannan matsala tun kafin a sa mata suna. Kalmomin baki da baƙi harafi ɗaya ne ya raba su, haka kafa da ƙafa, don haka idan wayarka ba ta da ƙ mai lanƙwasa, ka rubuta ɗaya a madadin ɗaya, babu yadda mai karatu zai san an yi kuskure daga kalmar kaɗai, tunda abin da ya iso gare shi ma kalma ce ingantacciya. Amma idan ka ga an rubuta makarenta, ka san makaranta ake nufi, saboda babu wata kalma da ta fi ta kusa. Ainihin fannin ke nan: a zaɓi kalmomin da aka yarda a aika ta yadda kowace biyu za su yi nisa da juna. Idan mafi ƙarancin tazara 3 ce, ana iya gyara kuskure 1, idan 5 ce ana gyara 2, haka abin yake tafiya. Ana kiran wannan ma'auni tazarar Hamming, da sunan Richard Hamming na ɗakin binciken Bell a Amurka, wanda ya gaji da yadda na'urar lissafi ke watsar da aikin da ya bar mata a ƙarshen mako da zarar ta ci karo da kuskure, ya ce in har tana iya gane an yi kuskure, me zai hana ta gano wurin ta gyara. A 1950 ya wallafa amsarsa, shekara 2 bayan Claude Shannon ya nuna a 1948 cewa kowace hanyar saƙo tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma muddin ba a wuce wannan iyaka ba ana iya rage kuskure har ya zama kamar babu.

A nan ne ƙarfin wannan darasi yake, kuma a nan nake jinjina wa malamin. Bai yarda mu taɓa kwamfuta ba sai da kowannenmu ya yi tsarin Hamming na 7 da 4 da hannu a gaban allo. Ni saƙon da ya ba ni shi ne 1011. Ana da gurabe 7, ana zuba saƙon a gurbi na 3 da 5 da 6 da 7, a bar na 1 da 2 da 4 don bit ɗin tantancewa. Na farko yana lura da gurabe 1, 3, 5, 7, na biyu yana lura da 2, 3, 6, 7, na ukun kuma da 4, 5, 6, 7, kuma aikin kowanne shi ne ya tabbatar yawan 1 a rukuninsa ya rabu biyu ba saura. Da na gama sai na samu 0110011. Malamin ya sa na juya baya, ya goge bit ɗaya ya sauya shi, allon ya koma 0110111, ya ce in nemo abin da ya taɓa. Na duba rukunin farko na ga 1 guda 3, ya ɓaci, na biyu lafiya lau, na ukun ma ya ɓaci. Na tara lambobin masu gadin da suka yi ƙara, wato 1 da 4, na samu 5, kuma lallai gurbi na 5 ya sauya. Na san wannan a takarda tun digirin farko, amma ban taɓa jin shi a hannuna ba sai ranar. Bayan haka ne ya nuna mana cewa abin da muka yi ninka saƙo ne da matiriks, wato jadawalin lambobi da aka jera layi-layi, kuma sakamakon da ke nuna wurin ciwon shi ake kira sindirom, kalmar da aka aro daga likitoci.

Ya kuma yi ƙoƙarin raba mana ganowa da gyarawa da misalin da kowa ke riƙe da shi a aljihu. Lambar asusun banki ta NUBAN mai lamba 10 da muke amfani da ita a Najeriya, ta ƙarshenta ta tantancewa ce, ana fitar da ita daga sauran 9 haɗe da lambar bankin. Tana iya nuna cewa an yi kuskure wajen bugawa, amma ba ta da ƙarfin faɗin wace lamba ce ba daidai ba. Ɗan kasuwar Mile 12 da ke tura kuɗin tumatir Arewa yana cin moriyar wannan kullum bai sani ba.

Daga mako na 4 zuwa na 7 aka shiga filayen Galois, kuma a nan ajin ya rabu biyu. Wannan lissafi ne da ake yi a cikin rukunin lambobi masu iyaka, inda ake tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa ba tare da an taɓa fita daga rukunin ba. Mafi ƙanƙantarsa yana da 0 da 1 kawai, kuma a cikinsa 1 a tara da 1 yana ba da 0. Irin wannan fili ba ya samuwa sai idan yawan 'ya'yansa lamba ce da ba ta rabuwa sai da kanta da 1, ko kuma irin wannan lamba da aka ninka da kanta, shi ya sa akwai fili mai 8 da mai 256 amma babu mai 6 ko mai 10. Sunan ya fito ne daga Évariste Galois, Bafaranshen da ya rasu a 1832 yana da shekara 20, fiye da ƙarni guda kafin a san cewa aikinsa zai shiga cikin faifan waƙa. Malamin ya sa mun gina fili mai 8 da hannu, muka rubuta jadawalin ninkawarsa kaf, sannan mai 16. Duk wanda ya zo da aljabara mai ƙarfi ya ji daɗi, wanda kuma ya zo da lissafin injiniya irin nawa, na haddar dabara a zuba lamba, ya sha wuya. Mutum 3 sun ajiye darasin a wannan tsakani. Takardar tallan kwas ɗin ta ce ilimin lissafi na digirin farko ya isa, kuma wannan ba gaskiya ba ne. Ni abin da ya cece ni shi ne ƙanwar nan malamar lissafi, wadda bayan an tashi take zama da ni a ƙarƙashin bishiya muna bi layi-layi. Wata rana da na dage sai na fassara kowace alama, har da alfa wadda ake rubuta 'ya'yan filin da ita, zuwa lambar da na saba, ta ce mini: "Yaya, ka daina tambayar nawa ne alfa. Alfa ba ta da nawa, abin da take yi kawai za ka duba." Daga ranar abin ya fara zama.

Ladan wannan wahala ya zo a makonnin da suka biyo baya, lokacin da aka shiga tsarin BCH, wanda Hocquenghem ya gano a 1959, Bose da Ray-Chaudhuri kuma suka gano nasu daban a 1960, sai kuma Reed-Solomon na Irving Reed da Gustave Solomon, shi ma na 1960. Reed-Solomon ba ya kallon bit ɗaya-ɗaya, yana ɗaukar su dunƙule-dunƙule, yawanci 8 a haɗe, don haka idan hayaniya ta lalata bit da yawa a jere, a wurinsa 'yan dunƙule kaɗan ne suka lalace. A tsarin 255 da 223 da aka yi amfani da shi a sadarwar sararin samaniya, ana ƙara dunƙule 32 a kan 223 na saƙo, ana gyara 16 a duk inda suke, idan kuwa an san wuraren da suka goge ana iya dawo da 32 cur. Shi ne a cikin faifan CD da ya fito kasuwa a 1982, inda ake tarwatsa saƙon a wurare daban-daban kafin a buga, domin kada ƙarzuwa ɗaya ta cinye kalma guda gaba ɗaya. Shi ne kuma a cikin lambar QR da kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙira a 1994, mai matakai 4 na kariya, daga kusan kashi 7 cikin 100 zuwa kusan kashi 30, abin da ya sa waya ke karanta ta ko da maiƙo ya ɓata gefenta ko an manna tambari a tsakiya. Mun yi mako 2 a kan hanyar warwarewa ta Berlekamp da Massey, wato dabarar da mai karɓa ke bi ya gano kurakuran ya gyara, kuma malamin ya bi da mu taki-taki har sai da kowa ya gyara kuskure 2 a fili mai 16 da biro da takarda. Ban taɓa zama a aji na ga an koyar da abu mai wuya da haƙuri irin haka ba.

Amfanin abin ya bayyana gare ni a wurin da ban zata ba. Wani dare cikin Yuni ina zaune a teburin mai shayin unguwarmu a Agege ana kallon ƙwallo, sai ruwa ya sauko irin na Legas, hoton ya fara daskarewa yana farfashewa gida-gida, can ya ɗauke ɗif. Mai shayin ya juyo ya ce: "Injiniya, don Allah me ya sa talabijin ɗin da ta eriya sai dai ta yi yashi-yashi amma kana gani, wannan kuwa ko tas ko babu?" A da sai in ce masa sigina ce ta yi rauni in yi shiru. A ranar na iya gaya masa cewa ruwan ya daɗe yana cin siginar tun yana yayyafi, akwatin yana ta gyara kurakuran a ɓoye shi ya sa hoton yake tas, sai da ɓarnar ta fi ƙarfin abin da aka tanadar masa sannan ya sake gaba ɗaya. Ya ce ashe kamar ɗan dako ne, ba ka sanin ya gaji sai kayan sun zube.

To, a nan yabon ya tsaya, domin akwatin mai shayin nan ma ya fi darasinmu zamani. Ma'aunin DVB-S2 na talabijin ɗin tauraron ɗan'adam yana haɗa LDPC da BCH ne, mu kuwa mako 1 kacal aka ba LDPC da tsarin turbo da tsarin pola a haɗe, a Asabar ɗin ƙarshe kafin jarrabawa, kuma rabin lokacin tarihi aka ba mu. Tarihin yana da daɗi, ba musu. Robert Gallager ya ƙirƙiro LDPC a binciken digirinsa na uku a jami'ar MIT ta Amurka a farkon shekarun 1960, aka ajiye shi gefe saboda kwamfutocin lokacin ba za su iya ɗaukar lissafinsa ba, sai a tsakiyar shekarun 1990 David MacKay da Radford Neal suka sake tono shi. A 1993 Claude Berrou da abokan aikinsa a Faransa suka fito da turbo, wanda ya matso iyakar Shannon da ƙasa da desibel 1, wato 'yar ƙaramar tazara a ma'aunin ƙarfin sigina, har masana da yawa suka ƙi yarda da sakamakon sai da suka gwada da kansu. A 2009 Erdal Arıkan na jami'ar Bilkent a Turkiyya ya wallafa tsarin pola. Amma ɗalibin digiri na biyu ba labari ya zo ji ba. Wayoyin 3G da 4G da turbo suke aiki, 5G kuwa, wanda MTN ya fara a Najeriya a 2022, yana amfani da LDPC wajen ɗaukar bayanai da pola wajen saƙonnin sarrafawa. Mun fita daga ajin ba wanda zai iya zana yadda ƙiyasin ko bit 0 ne ko 1 ke kai da komo a warwarar LDPC, alhali shi ne abin da ke cikin na'urorin da yawancinmu ke taɓawa a wurin aiki. Hanyar warwarewa ta Viterbi ta 1967, wadda GSM ta dogara da irinta, ita ma awa 2 ta samu. Da za a ji shawarata, da an rage mako 1 daga tsofaffin ƙa'idojin iyakar kuskuren da tsari zai iya gyarawa da hujjojinsu, an kuma raba darasin zango 2, domin mako 13 ba za su ɗauki aljabara da tsarin zamani a lokaci guda ba.

Ɗakin gwaji shi ne babban abin takaici. An rubuta cewa za a yi gwaji 4 a kwamfuta, 1 kawai aka yi. Ranar farko lasisin manhajar da ke kan na'urorin ya ƙare, rana ta biyu babu wuta kuma mai kula da janareta ba ya zuwa Asabar, ta uku an kulle ɗakin an tafi da makulli. A ƙarshe kowa ya koma kan kwamfutarsa, muka sauke GNU Octave da SageMath waɗanda kyauta ne, wasu suka rubuta nasu da Python. Wannan ya yi aiki, har ma ya fi, amma da tun farko an faɗa mana haka da ba mu yi asarar Asabar 3 ba, kuma kuɗin ɗakin gwajin da aka karɓa ba a mayar wa kowa ba. Wanda ke tasowa daga Agege da sassafe ya san abin da Asabar ɗaya take ci na kuɗin mota da cunkoson Oshodi. Sau 2 kuma aka ɗage darasi da saƙon WhatsApp bayan mun riga mun kama hanya. Laburaren yana da tsofaffin littattafan fannin, masu kyau ƙwarai a ɓangaren aljabara, amma ban ga ko ɗaya da ya kai zamanin pola ba.

Jarrabawar ta yi adalci. Tambaya 5 ce a amsa 4 cikin awa 3, babu wadda ta fita daga abin da aka koyar, kuma malamin yana ba da maki a kan hanyar da ka bi ko da lissafin ƙarshe ya kuɓuce maka, abin da ke da muhimmanci a fannin da kuskuren alama ɗaya ke rushe shafi guda. Ayyukan gida 6 da ya ba mu duk ya dawo da su da gyara da jan biro, wani lokaci gyaran ya fi amsar tsawo. Sakamakon ne ya yi jinkiri, sai da muka yi wata 4 muna zirga-zirga a ofishin sashe kafin a manna shi.

Ga mai tambaya ko ya ɗauki darasin, amsata ta danganta da abin da ya zo da shi da abin da yake nema. Wanda yake son takardar da za ta ɗaga shi a wurin aiki cikin sauƙi ya nemi wani zaɓin, akwai masu laushi. Wanda yake son ya shiga bincike, ko tsaron bayanai inda tsarin McEliece na 1978 ya ginu a kan irin wannan lissafi, ko ƙera na'urorin adana bayanai, zai samu tushe a nan da wuya ya same shi shi kaɗai daga bidiyon intanet, domin filayen Galois suna buƙatar wanda zai tsaya a kanka ya ga inda ka karkace. Sai dai ya ware aƙalla wata 2 kafin zango ya fara ya maimaita matiriks da folinomiyal (jimlolin aljabara irin su x² + x + 1) da lissafin saura bayan rabawa, ya zo da kwamfutarsa da manhajojin kyauta a ciki, ya kuma sa a ransa cewa LDPC da pola shi zai koya wa kansa. Ni yanzu haka nake yi: aikin bincikena na ƙarshe a kan kwatanta Reed-Solomon da LDPC ne a hanyar rediyo tsakanin turakun sadarwa a lokacin damina, kuma rabin farko na rubuta shi daga littafin ajina kai tsaye, rabi na biyun kuwa wata 3 ke nan ina haɗa shi da daddare bayan an tashi daga aiki.